Rajistar Damina

Ni aka ba littafin rajista
da gwangwanin madara da ƙungiya ke tara kuɗi,
wai don ni kaɗai ne biro ke kwana a hannuna.
Mu tara, samari da 'yan matan Dutsen Wai,
muka ce bana dogon hutu ba zai zube a ƙasa ba.

Hedimasta ya miƙo makullan aji uku,
biyu na yoyo, ɗaya akuya ta haihu a ciki.
Muka share, muka jingina allo a kan tubali.
Litinin da hantsi, yara arba'in da bakwai,
wasu da silifas, wasu da laka har ƙauri,
wata ta goyo ƙanenta, don duk gidan suna gona.

Rahila ta ja ƙanana gindin ɗorawa
tana zana musu baƙaƙe da tsinke a rairayi mai danshi.
Barau, da ya yi shekara biyu a garejin Kawo,
ya zauna da karan bara da ƙayar aduwa,
kafin azahar motoci sun cika farfajiya,
har da tirela mai taya goma sha huɗu
wadda ba ta motsi sai an ja ta da zare.

Ni kuwa da littafina na taho daga Zariya,
na ce tsirrai zan koyar.
Na zana ganye, na rubuta sunansa da Turanci,
yara suka maimaita kamar masu tauna tsakuwa.

A ƙarshen benci akwai Jatau.
Kwana uku ban ji muryarsa ba
sai "na'am" in na kira suna, ita ma can ƙasan maƙoshi.
Sandar kiwo a gefensa, idonsa a taga.

Ranar Alhamis hadari ya taso daga gabas,
ruwa ya tsuge tun la'asar, ya ƙi ɗaukewa.
Rafi ya kumbura ya haɗiye gadar katako,
yara goma sha ɗaya na ƙetare ba hanyar gida.
Muka haɗa bencina a ajin da ba ya yoyo,
Kande ta dafa sabuwar masara a tukunyar aro,
na buɗe gwangwani na sayo ganyen shayi da sukari.
Can tsallake iyaye na haska tocila,
mu ma muna haskawa: suna nan, sun ci, sun kwanta.

Da asuba muka gangara duba ruwa.
Ƙasa na ƙamshi, ciyawa ta kwanta gefe guda.
Sai na ji murya a bayana, a hankali, ba da kowa take ba:
"Wannan tafasa. Wannan zaki-banza.
Waccan harƙiya ce, ita awakina ke so.
Kar ka ja tofa haka, Malam, tana yanka.
Ga duman rafi. Ga nonon kurciya, karya ka gani."
Na karya. Farin ruwa ya ɗiga a yatsana.
Kafin mu kai bakin rafi na ƙirga talatin da biyu,
littafina yana da shida.

Da ruwa ya janye muka dawo aji,
na miƙa masa alli, ya ƙi karɓa,
ya ce bai iya rubutu sosai ba.
Muka raba aiki: shi ya faɗa, ni in rubuta,
yara na tsinko ganye suna liƙawa da ƙullun rogo.

Ranar rufewa kowa ya tafi da dashen mangwaro
a ledar ruwa da muka tsinto a kasuwar Pambeguwa.
Na zazzage gwangwani a gaban 'yan ƙungiya:
naira ɗari uku, da maɓalli guda, ban san na wa ba.

Rajistar tana nan a akwatina, gefenta ya jiƙe.
A shafin malamai sunaye tara ne da shuɗin biro,
na goma da fensir,
harafin farko ya juya baya,
da hannunsa.